Ƙafafun Mutane Sun Ɓace Daga Kwamfutar Kaka

Jikalle,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da abokan aikinki na can madatsar ruwa. Ni dai jiki da sauƙi. Gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, in ji masu ji. Kunne kuwa ya ƙara nisa, yanzu ko tsawa aka yi sai a fuskar mutane nake ganinta. Don haka kada ki ce me ya hana tsohon nan kiran waya. Ke ma an ce sai kin hau tsauni kike samun sabis, to kin ga kurma da mai hawan tsauni gara su koma takarda. Direban da ke kai muku kayan abinci ya yarda zai riƙa ɗaukar mana.

Bari in ɗauko miki daga tushe, kin san ban iya labari daga tsakiya ba.

Kin tuna hutun da kika yi a wurina bara, lokacin da tsohuwar kwamfutata ta cika? Kika haɗa mini wata, kika jona ta da injin sassaƙa tafin takalmi da wani shuɗin kebul, kika ce duk wanda ya taka gilashin awo in jefa hoton ƙafarsa a foldar da kika sa wa suna Ƙafafu. Tun daga nan ban taɓa jin kanta ba. Kakanki na wajen uwa, marigayi, taubashina ne, mun shekara muna zagin juna, amma na ce ko don ke na yafe masa.

To, makon jiya Baffanki Manaja ya zo duba ni. Kin san babban ɗan nawa, ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce, ko kalandar gidan mutane ce. Akwai wani ɗan rubutu da ya daɗe yana leƙowa a kusurwar allo, wai akwai sababbin abubuwa. Ni da shi mun saba, in ya leƙo in kau da kai, shi ma ya koma. Manaja ya zauna ya ce, “Baba, ai wannan sabuntawa ce, ba a barinta,” ya danna. Kwamfuta ta yi ta zuba rubutu, ta mutu, ta tashi. Ya goge hannu ya tafi.

Washegari na buɗe Ƙafafu, wayam. Jikalle, ƙafafun mutane ne na shekara da shekaru. Masu gajeriyar ƙafa ɗaya, masu ciwon suga, masu tafi shimfiɗaɗɗe, har da na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Injin kuma fitilarsa na ci, amma ko motsi.

Ga inda abin yake ci mini rai. Bayan rasuwar kakarki, Manaja ya matsa in rufe shago in koma gidansa, can hawa na sama inda ko ƙasa mutum ba ya takawa. A gaban ’yan’uwa na ce, ranar da injin nan ya mutu, ni ma na ajiye guduma na bi ka. Na faɗa ne da gadara, don na san ƙarfen ya fi ni lafiya. Yanzu ya aiko cewa ƙarshen wata yana tafe da mota.

Ki gaya mini gaskiya, mutuwa ya yi ko suma?

Angonki da ba kya so,
Kaka

*

Kaka,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na ji daɗin jin jiki da sauƙi. Ni ma lafiya lau, sai sauro da ƙarar manyan motoci. Batun ango kuwa, sai ka fara sa haƙori tukuna mu yi magana.

Ka kwantar da hankalinka, ina kyautata zaton ko ƙafa ɗaya ba ta ɓace ba. Ai na yi maka bayani bara kana gyangyaɗi. Ƙafafun ba a kwamfutar tebur suke ba, a cikin baƙin akwatin da ke gindin injin suke zaune. Foldar nan taga ce kawai, kwamfutar tana leƙa su ta cikin kebul. In ka ga wayam, tagar ce ta rufe.

Abin da Baffa ya danna ya canja abin da muke kira kanel. Shi ne ƙashin bayan manhajar, shi ke magana da kebul da duk wata na’ura da aka jona. Wani lokaci sabo yakan zo da ɗabi’ar da tsofaffin na’urori ba su sani ba. Amma ba na son in yi maka duba daga nesa, sai ka zama idona.

Ka leƙa bayan kwamfutar inda shuɗin kebul ya shiga, ka leƙa bayan akwatin. Akwai ’yar fitila a kowane. Tana ci? Tana ƙyaftawa?

Sannan a kan allo akwai hoton spana da na ajiye maka, an rubuta Duba Injin. Ka danna shi. Baƙin allo zai fito da rubutu. Ka kwafo mini shi kamar yadda yake, kada ka gyara musu Turanci.

Babban abu: kada ka bari kowa ya goge komai. Ko wa ya zo, ko me ya ce.

Jikarka

*

Jikalle,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyata ƙalau, in ban da ƙugu, kuma ke kika jawo. Mutum mai shekaruna a ce ya rarrafa ƙarƙashin benci da tocila a baki! Mai Walda, maƙwabcina, ya shigo ya tarar da ƙafafuna kaɗai a waje, ya yi salati, ya zaci an yi gawa.

Fitilu duka biyu suna ci, suna ƙyafta wa juna ido kamar marasa gaskiya. Spana ma na danna. Rubutun yana bayan takardar nan, harafi bayan harafi, har da ɗige-ɗigensu. Ni ban ga komai a ciki ba sai rashin kunya.

Kafin takardarki ta iso, Mai Walda ya kawo mini wani mai gyaran kwamfuta daga bakin kasuwa, da jaka a baya da abu a kunne. Ya fara da tambayar filashi. Na ce bakin da ake soka filashi a akwatin ya toshe da ƙurar roba tun kafin a yi wa mai gyaran kaciyar hankali. Ya duba allo, ya taɓe baki, ya rubuta mini a takarda: “Alhaji, wannan manhajar ba ta mutane ba ce. A share komai a sa wata.” Na rubuta masa a ƙasa: “Ƙofa tana bayanka.” Na ga daga baya ke ma haka kika ce, sai dai ke da ladabi.

Aiki dai ban tsaya ba. Tun da kin ce taga ce, na ce bari in riƙa tara sababbin awo a bakinta, ranar da ta buɗe su faɗa ciki. Na auna mutum kaɗan na jefa su a Ƙafafu, kuma sun zauna, ina ganinsu.

Cikinsu akwai Dogo, mai gadin wata makaranta. Suga ta ci masa yatsu biyu a ƙafar dama. Likita ya ce zai ɗan gyara wurin ya naɗe, kuma ranar da aka kwance bandeji ba zai taka ƙasa ba sai da takalmin da aka yi don ƙafar. Na auna shi ana gobe zai shiga asibiti. Mutum ne mai tsawo har sai da ya sunkuya a ƙofata, amma da ya hau gilashi rawa yake kamar ɗan maraƙi. Ya ce, “Baba, aikina tsayuwa ce. In ban tsaya ba sun sallame ni.” Ban ji ba, a bakinsa na karanta. Na ce masa ya je ya kwanta, takalmi na wuyana.

Kin ga yanzu wuyan nawa a hannunki yake. Ki hanzarta.

Kaka

*

Jikalle,

Ina gaisuwa. Lafiya dai nake, in ana kiran wannan lafiya.

Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannu na dukan cinya. Farko ya ce ruwa ya yanke hanya, bai kai gare ku ba. Na yarda. Na biyu ya ce ya ba ki takardata hannu da hannu, kin karanta a gabansa, kin ninke, kin ce ya gaishe ni. Gaisuwa! Ita zan sa wa Dogo a ƙafa?

Da na matsa shi, sai ya ce ya ji a sansaninku ana cewa wani Baffanki ya yi ta nemanki a wayar ofis. Na ba shi ruwa ya sha.

Yanzu ga yadda nake wuni. In buɗe shago, in share, in jera ƙusoshi, in wargaza su, in sake jerawa. Na wasa wuƙaƙen fata har sun fara ramewa. In zauna, in tashi, in leƙa titi, in dawo in buɗe foldar ko ta yi nadama. Jiya na ɗauko roba na ce bari in sassaƙa tafin Dogo da hannu kamar zamanin da. Hannun ya tuna hanya, amma rawa yake, kuma ƙafar mai suga ba ta yafe kuskure ko na kaurin farce.

Manaja ya aiko da kwalaye. Kwalaye, Jikalle, sababbi, a ninke, har da igiya. Suna jingine bayan ƙofa suna kallona.

Ba na zargin kowa. Amma a labaran da kakata ke ba mu, duk sa’ad da aka ga ɗan aike ya yi shiru, to wani ya tare shi a hanya ya ba shi abin zaƙi. In kin koma ɓangarensu, ki faɗa mini a fili. Na fi son a mare ni ta gaba.

Kaka

*

Kaka,

Ina gaishe ka da girmamawa, kuma ina neman afuwa. Lafiyata ƙalau. Hanya ta yanke da gaske, amma ba ita kaɗai ta riƙe ni ba.

Baffa ya kira ni. Bai ba ni abin zaƙi ba, kuma bai ce in yi maka ƙarya ba. Cewa ya yi kada in yi gaggawa. Ya gaya mini abin da kai ba ka rubuto ba: ranar da tukunyar gam ta kama hayaƙi kana ciki ka kulle ƙofa, Mai Walda yana dukan ƙofar da ƙarfe ba ka ji ba, sai da ya ɓalle taga. Ya rantse bai san dannawar nan za ta taɓa injin ba, kuma na yarda da shi, don wanda ya san abin da zai faru ba ya tambayata mene ne kanel.

Na yi kwanaki da takardarka a aljihu. Daga ƙarshe na ga ba ni da ikon riƙe maka magani don in tilasta ka. Injin bai mutu ba. Zama ko tafiya tsakaninka da ɗanka ne, ku yi ta da baki, kada a laɓe bayan kebul.

Rubutun da ka kwafo ya nuna komai. Kwamfutar tana ganin akwatin, tana ƙwanƙwasawa, yana amsawa. A wurin kalmar sirri suke rabuwa. Akwatin tsohuwar hanyar tantancewa kaɗai ya sani, sabon kanel kuma an cire masa ita gaba ɗaya, saboda ɓarayi sun daɗe da gane ta. Ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi.

Sa’armu ita ce tsohon kanel yana nan, ba a jefar da shi ba. Ga yadda za ka kira shi. Ka kashe kwamfutar. Ka ɗora yatsa a kan dogon maɓallin nan na hagu mai kibiya tana kallon sama. Ka kunna, yatsan yana kai, kada ka ɗaga. Na san halinka, kana kunnawa kake tafiya ɗaga ƙofar shago da gaisawa da mutanen titi. Wannan karon ka tsaya. Baƙin allo zai fito da layuka. Ka sauka layi na biyu, ka shiga, ka zaɓi wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta.

Kullum da safe sai ka yi haka, don in ka bar ta, sabon za ta ɗauka. In na samu hutu zan zo da ƙaramar na’ura in sa a tsakaninsu ta yi musu tafinta. Kafin nan ka zare wayar intanet daga jikinta.

Ka daina kulle ƙofa kana ciki. Wannan ba shawarar injiniya ba ce.

Jikarka

*

Jikalle,

Gaisuwa. Jiki lafiya. Maganar abin zaƙi na janye ta, ki zubar. Maganar tukunyar gam kuma, hayaƙin bai kai yadda aka ba ki labari ba, amma na ji, ƙofa a buɗe take yanzu.

Na yi yadda kika ce. Karon farko na ɗaga yatsa don in gyara tabarau, ta wuce abinta. Karo na biyu na danne maɓallin kamar na kama ɓarawo. Baƙin allo ya fito, na sauka, na zaɓi ƙaramin. Da na buɗe Ƙafafu, sai ga su! Reras, tun daga na farko. Na ga ƙafar wata tela da ta yi shekara tana zagina kan tsada tana dawowa. Na ga ta wani malami da ya rasu. Na zauna ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya, Mai Walda yana leƙe yana girgiza kai.

Sai na nemi Dogo. Babu.

Babu shi, babu sauran da na auna bayan rufewar tagar. Na bi layi daga sama zuwa ƙasa, na dawo daga ƙasa zuwa sama, na leƙa kwandon shara. Tsofaffi sun dawo, sababbi sun tafi.

Na je asibiti da niyyar in roƙi a sake awo. Ƙafar tana naɗe kamar jariri, ma’aikaciyar ta ce ko Sarkin takalma ne ni ba za a kwance ba. Dogo ya tambaye ni, “Baba, an gama?” Na ce ana kai. Kin ga inda tsufa ya kai ni, ina yi wa majinyaci kwana-kwana.

Yanzu bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Ba injin nake tsoro ba. Tun jiya nake tambayar kaina, anya na ajiye su kuwa? Na tuna na jefa su, na tuna na gan su. Amma kakata ma a ƙarshenta tana tuna abubuwan da ba a yi ba, tana rantsuwa a kai. In kaina ne ya fara bin sawun kunnena, to ba sai injin ya mutu ba. Mutumin da zai auna ƙafar mai suga ya manta inda ya sa ta bai kamata a bar shi da wuƙa ba. Da ƙafata zan shiga motar Manaja, in ɗaure kwalayen da kaina.

Asabar yake tafe. Direba kuma sai ya ga dama. Na rasa inda zan sa kaina, zama ya gagara, tsayuwa ta gagara.

Kaka

*

Kaka,

Gaisuwa a tsaye, Direba ya tayar da mota. Kanka lafiya lau! Kada ka ɗaure kwali ko ɗaya. Laifina ne da ban hana ka zuba abu a foldar ba. Lokacin da tagar ke rufe, abin da ka jefa a cikin kwamfutar tebur ya faɗa. Da ta buɗe, sai na akwatin suka shimfiɗu a kansu suka rufe su. Suna ƙasa. Ka kunna ba tare da danna maɓalli ba, za ka gan su. Ka janye su zuwa kan allo, sannan ka sake kunnawa da maɓalli ka mayar.

Allah ya sa ta riga Baffa isowa.

Jikarka

*

Jikalle,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida sauronku. Ni lafiya, har na ci abinci sau biyu yau.

Takardarki ba ta riga shi ba. Da la’asar ta iso, ranar Asabar ɗin, bayan an gama komai. Na karanta ta duk da haka, na ce Allah ya yi miki albarka, kin yi gaskiya a makare.

Ga yadda aka yi. Manaja ya ce da hantsi zai zo, sai ga shi tun ban gama buɗe kwaɗo ba, da motar ɗaukar kaya da ƙarti biyu a baya. Na rikice. Na shiga na kunna kwamfuta, na fito ɗaga ƙofa yadda na saba shekara da shekaru, maɓalli ko tunawa da shi ban yi ba. Muka gaisa. Ya rusuna, ya tambayi gwiwa, idonsa na kan kwalaye.

Ya ɗauki takarda ya rubuta: “Baba, an ce ya tashi. Nuna mini.”

Na zauna, na buɗe Ƙafafu. Babu tela, babu malami, babu kowa a tsofaffin. Manaja ya dafa kafaɗata, irin dafawar da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Sai na ƙara dubawa. A can sama, ’yan ƙafafu ƙalilan a rakuɓe, kuma ta farkonsu doguwa ce mai yatsu uku.

Jikalle, ban san na yi ihu ba sai da na ga ƙartin sun leƙo. Na ce, “Ga Dogo! Na ajiye shi! Wallahi na ajiye shi!” Manaja ya zaci ruɗin tsufa ne ya zo. Na kama hannunsa na ce zauna, saurara. In na danne maɓalli, tsofaffi ke zuwa. In na manta, sababbi. Ashe ɗaki biyu ne da ƙofa ɗaya. Abin da ya rage a fitar da waɗannan waje, a buɗe wancan, a shigar da su.

Na kama linzamin kwamfutar, hannu ya ƙi. Rawa yake, in ɗauko Dogo ya suɓuce, in ɗauko ya suɓuce. Na ji tsoron kada in jefa shi inda ba a dawowa. Na saki. Na dubi Manaja.

Kin san fa abin da nake roƙonsa. Mutum ya yi hayar mota, ya gyara ɗaki, matarsa ta sayi labule. In ya ce bai iya ba, ba wanda zai kama shi. Ya daɗe yana kallon allon, yana taɓa gemu yadda uwarsa ke taɓa haɓa in tana son ta yi faɗa ta fasa. Sannan ya ja kujera, ya naɗe hannun riga, ya janye su ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan allo a miƙe, don ko a nan ba zai bar abu a karkace ba. Ya kashe. Ni na danne maɓalli, shi ya kunna. Tsofaffi suka dawo, ya zuba sababbin a cikinsu.

Na ɗaura roba, na danna koren maɓallin injin, na ɗora tafin hannu a kan benci, don ta nan nake jinsa. Ya ɗauka. Ƙura ta fara tashi. Da aka jima ga tafin Dogo, da ɗan tudu a gurbin yatsun da babu.

Manaja ya juya shi a hannu. Ya rubuta: “Bai mutu ba.” Ya ja layi a ƙasa har biro ya huda takardar. Ya fita ya sallami ƙartin.

Ba a rabu haka ba, kada ki zaci na ci bulus. Mun zauna mun cika takarda gaba da baya, wani wurin da manyan baƙaƙe. Mai Walda ya karɓi makulli ɗaya. Za a sa mini ƙararrawa mai walƙiya. Tukunyar gam ta koma waje. Duk ƙarshen wata zan je in kwana biyu a hawa na saman nan, in yaba labule. Shi kuma ya kwashe kwalayensa.

Da ya tashi tafiya, na bi bayansa da kallo har bakin ƙofa. Sai na ga yana jefa ƙafar hagu waje, dunduniyar takalmin ta cinye ta gefe guda. Na ce, “Kai, dawo. Tun yaushe?” Ya ce ba komai, ƙugu ne ke ɗan damunsa. Na ce cire. Ya ce Baba ana jirana. Na ce cire.

Ya cire, ya hau gilashi, da safa ɗaya a hannu, babban mutum mai ofis. Na durƙusa na gyara masa tsayuwa. Rabon da in riƙe ƙafar nan tun tana shiga tafin hannuna. Ba wanda ya dubi wani.

Ya tambaya ko in an gama zan ba direba ya kai masa. Na ce irin wannan ba a aikawa, sai mai ƙafa ya zo an gwada, a rage, ya tafi ya taka, ya dawo a sake dubawa. Ya ce sau nawa? Na ce ya danganta da ƙafar. Tasa kuwa, Jikalle, na duba ta da kyau, mai wuyar sha’ani ce. Za ta ɗauke mu lokaci.

Kakanki